Baduku da fatar ƙafarsa

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina dukanci a Sakkwato, kuma gado ne. Kakana majemi ne, mahaifina baduku. In ka miƙo mini fatar akuya, ko idona a rufe yake, da na murza ta a tsakanin yatsu zan gaya maka ko bagaruwa ta ratsa ta ko an yi gaggawar tsamo ta. Jar akuyar ƙasar nan ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da fatarta har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali daga nan ta tashi. Na kawo wannan ne don a san ni ba baƙon fata ba ne. Duk da haka, sai da fatar ƙwaurina ta yi shekara biyu tana sauyawa a gaban idona ban san me take nufi ba.

A 2016 aka ce ina da ciwon suga. Aka rubuta mini metfomin, na sha wata uku ba fashi, yawan fitsarin dare ya tsaya, ƙishirwa ta lafa, sai na ɗauka an gama. Daga nan shan maganin ya koma irin na ganin dama: in jiki ya yi nauyi in sha kwana huɗu, in na ji garau in tura kwalin ƙarƙashin katifa. Furar rana kuwa ban taɓa fashinta ba, da suga a ciki, ga shayin safe cokali uku.

Uwargida ce ta fara lura da tabo-tabon. Ina alwala a tsakar gida na naɗe wando, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, mi ya sami ƙwaurinka?" Na duba. Wasu 'yan tabo ne zagayayyu, girman ƙwayar gujiya, sun fi sauran fatar duhu, sun ɗan loɓa ciki kamar an danna da kan yatsa. Babu ƙaiƙayi, babu zafi. Bakwai a dama, huɗu a hagu. Na ce mata kik ɗin babur ne yake buguna. Ta ce to ƙafar hagun fa, ita ma kik take bugawa? Na yi shiru.

Wanzamin unguwarmu, mutumin kirki da ya yi wa 'ya'yana duka kaciya, ya gani ya ce mataccen jini ne, in zo ya yi mini ƙaho. Na ce sai Juma'a. Juma'ar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan gode wa Allah a kan lalacina ba, amma da na je an tsattsaga ƙwaurin nan da aska, da wani labarin ake yi yanzu.

Akwai wasu abubuwan da sai daga baya na haɗa su. Gashin ƙwaurina ya ƙaƙƙabe, fatar ta koma sumul tana ƙyalli. Ƙafata ta daina gumi ko a zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Da hunturu kuwa faso ya riƙa tsaga mini diddige har ya yi jini. Da dare tafin ƙafar ya yi ta zugi kamar na taka garwashi, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a kai. Duk na jingina su ga shekaru da zaman rumfa.

Ranar wata Talata a watan Janairun 2023 muka idar da La'asar a bakin rumfa, yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Baba, ga jini a buzunka." Na duba hannuwana, don a nan baduku ke sa ran rauni. Babu komai. Shi ne ya ɗauko silifana ya juya. Wata 'yar ƙusa ce irin wadda muke kafa dundunyar takalmi da ita, ta huda silifan ta fito ta ciki, daidai tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa. Tun safe na yi aiki da ƙusoshin, ke nan wuni na yi ina taka ta. Na je kasuwa da ita, na dawo da ita. Ko alamar tsinin ban ji ba.

Na leƙa wani kemis, aka goge da sifirit, aka manna filasta, aka ba ni kafso na kwana biyar. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da suga, ni ma ban faɗa ba. Tunda ba ya ciwo, na ci gaba da harkokina. A kwana na goma takalmi ya ƙi shiga. A na sha biyu uwargida ta ce ɗakin yana wani wari, ta kira babban ɗana, suka sa ni a gaba sai asibiti.

Bayan kati da layi, wata malamar jinya ta tsira mini allura a yatsa, ta dubi na'urar ta dube ni, ta ce sugana ya kai 21. Da safe kafin a ci komai, in ya kai 7 an shiga sahun masu ciwon. Ta rubuta da jan biro ta tura ni gaba.

Likitar da na samu yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu, kuma 'yar gari ce, da ta buɗe baki ka ji Sakkwatanci. Na ɗauka mikin za ta fara dubawa. Sai ta ce in cire takalman duka biyu, in naɗe wando har gwiwa. Ta tsaya a kan ƙwaurin.

"Baba, waɗanga tun yaushe sunka hito?"

Na ce za su yi shekara biyu, kuma ba su na kawo ba.

Ta ce, "Na sani. Amma su sunka riga zuwa."

Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafata, sannan a bayan idon sawu, ta ce bugun jinin yana nan da ƙarfinsa. Na ji sanyi a raina, na ce to alhamdulillahi jini na gudu. Ta danna kan babban yatsana har wurin ya yi fari, ta saki, tana ƙirgawa a hankali. Ta ce ga mai lafiya launin kan dawo cikin kamar daƙiƙa biyu. Nawa sai da ya yi jinkiri, kamar ruwa na bin busasshiyar ƙasa. Sannan ta ɗauko wani siririn zaren roba mai kama da na fatsa, ta ce in rufe ido, duk inda na ji taɓi in ce "e". Zaren an yi shi ne ya lanƙwashe in nauyin dannawa ya kai giram 10. Na rufe ido ina jiran ta fara. Can na ji ta ce in buɗe, ta gama. Wuri goma ta taɓa a ƙafar dama, uku na amsa. Ɗana da ke tsaye ya kawar da kai.

Bayanin da ta yi mini a ranar, da wanda na ƙara tsinta wurin masu wankin miki a makonnin da suka biyo baya, shi ne dalilin rubutun nan. Ta tambaye ni ko na san fadamar Kwalkwalawa. Na ce wane Basakkwace ne bai san ta ba. Ta ce jijiyar da ta taɓa a bayan ƙafata kamar gulbin Rima ce, kuma akwai ruwa a ciki. Amma albasa ba daga gulbi take sha ba, daga 'yan ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa kowane fangali take sha. Gulbi na iya cika maƙil, fangali ya bushe. A cikin fata akwai irin waɗannan 'yan hanyoyi ba iyaka, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, har ƙwayoyin jini sai dai su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta bangonsu ne iska da abinci ke tsallakawa zuwa nama.

Suga in ya daɗe da yawa a jini, bangon nan yake ci. Bangon ya yi kauri, kuma abin mamaki, kaurin bai hana shi yoyo ba. Sannan hanyoyin su rasa wata dabara da Allah ya yi musu: a jikin mai lafiya, da an ji rauni ko wuri ya ɗauki zafi sai su buɗe, jini ya kwararo, shi ya sa wurin ke yin ja da ɗumi. Na mai suga ba sa buɗewa yadda ya kamata. Ke nan fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan makara, kuma yawan sugan ya riga ya rage musu kuzari. Kafson da na sha daga kemis ma ta wannan hanyar zai bi kafin ya kai ga mikin.

Hausa ta haɗa abu biyu a suna ɗaya, kuma hakan ya rikita ni da farko. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar ji, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da tsini. Jijiyar jin nan ita ma rai gare ta, kuma 'yan ƙananan jijiyoyin jinin ne ke ciyar da ita. In sun gaza, ga kuma sugan na yi mata tasa ɓarnar kai tsaye, sai ta fara mutuwa daga can nesa, daga yatsun ƙafa ta yo sama. Dalilin da ban ji ƙusa ba ke nan. Jijiyoyin da ke sa gumi su ma haka, shi ya sa ƙafar ta bushe, hunturu ya samu abin tsagawa. Tabon ƙwauri kuwa, ta ce ƙwauri wuri ne da fata ke kwance a kan ƙashi, ɗan bugun da ba ka ma lura da shi ba sai jini ya tsiyaye daga waɗannan raunanan hanyoyin, sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin ya zauna a fata ya bar duhu. Ashe kik ɗin babur bai yi ƙarya duka ba. Su kansu tabon ba sa cutarwa, ba su da wani magani na shafawa, wasu kan dushe bayan shekara ɗaya ko biyu wasu su fito. Abin da ya sa ta tsaya a kansu shi ne, mai irinsu sau da yawa akan tarar ɓarnar ta taɓa ido ko ƙoda ko jijiyoyin ji, don su ma da irin waɗannan 'yan hanyoyin suke rayuwa.

Sai ta ce in haɗa tafukan hannuna, yatsa a kan yatsa, in matse. Na haɗa. Tsakanin ƙananan yatsun da na kusa da su akwai tazarar da za ka zura fensir. Na matsa iya ƙarfina, suka ƙi miƙewa. Ta tsunkuli fatar bayan yatsana, ta ƙi tsunkuluwa, ta yi kauri kamar an shafe ta da kakin zuma. Shekara da shekaru ina cewa riƙon basilla ne ya ƙagar mini da hannu. Ta ce akwai wani abu a fata da ake kira kolajin, zare-zare ne, shi ne ƙarfinta. Suga kan manne masa, ya ɗaure wannan zare da wancan, fatar ta ƙage, kuma irin wannan mannewar ce ke faruwa a bangon ƙananan jijiyoyin.

Na yi jim. Na ce, "Likita, ai wannan jima ce."

Ta ce mi nike nuhi. Na gaya mata yadda ɗanyar fata take in an feɗe ta, da yadda take komawa in ta kwana a ruwan bagaruwa: bagaruwar ta shiga tsakanin zaren fatar ta kama su, daga nan ba ta komawa ɗanya har abada. Ta yi dariya ta ce ba sinadari ɗaya ba ne, amma misalin ya yi kusa ƙwarai, kuma za ta ara ta riƙa yi wa ɗalibai. Ni ban yi dariya ba. Jikan majemi ne zaune ana gaya masa shekara bakwai yana jeme kansa da fura da shayi.

Aka ba ni gado. Aka ɗauki hoton ƙafar, Allah ya taimaka cutar ba ta kai ƙashi ba. Aka yi mini allurar tetanus, aka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ɗora ni a kan insulin, allurar sauke suga. Aka kuma ɗebi jini don wani gwaji da ake kira HbA1c, wanda ni na sa masa suna mai tonon asiri. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kwana kamar 120 a jiki, suga na manne musu gwargwadon yawansa, don haka gwajin na faɗin yadda ka zauna wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba ruwansa da cewa jiya ka ƙi shan fura don za ka ga likita. Daga 6.5 ake cewa akwai ciwon, yawancin masu shi ana so su tsaya ƙasa da 7. Nawa 11.2.

Washegari aka zo yanke mataccen nama. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Ni da na wuni ina yankan fata, da na ga an buɗe 'yar wuƙar nan sai da na kama ƙarfen gado. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ban ji komai ba. Ina kallo mai aikin yana fere kantar da ta kewaye ramin, farar fata mai tauri tana zuba a faranti kamar ana gyaran gefen ƙirgi. Bakin mikin da nake gani bai fi ƙwayar dawa ba. Da aka buɗe, sai ga kogo a ƙarƙashi wanda babban yatsana zai shige. Ya yi ta yanka har sai da jini ya fara tsattsafowa, sannan ya ce yauwa, nan ne mai rai.

Gadon da ke kusa da nawa wani dattijo ne manomi daga wajen Wurno. Shi kaskon wuta ya jawo kusa da ƙafa a daren sanyi, barci ya ɗauke shi. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa kwana uku kafin zuwana. Bai cika magana ba, sai dai kullum da safe ya tambaye ni, "Malam, ya taka ƙahwar?"

Kwana tara na yi aka sallame ni, da sharaɗin kada in taka wurin. Wannan ya fi komai wuya. Miki a tafin ƙafa ba ya rufewa in ana dannansa, kuma tunda ba ya zafi, babu abin da ke tuna maka. Na koma tafiya da sanda, rumfa ta koma hannun yara, ciniki ya ja baya, kuɗin wanki da na tsinken gwaji suna ta fita. Duk bayan kwana biyu a wanke da ruwan gishiri na asibiti a sauya bandeji. Mako uku ban ga wani canji ba, har na fara sauraron masu cewa a zuba garin kaza a shafa kaza. A mako na huɗu malamar jinyar ta ce in leƙa. Ƙasan ramin ya yi ja jawur, da 'yan ƙwayoyi-ƙwayoyi masu sheƙi. Na tsorata, na ɗauka ya ƙara lalacewa. Ta ce a'a Baba, wannan shi muke jira, sababbin ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsirowa, ka ga suga ya sauka sun samu sarari. Daga ranar na daina kawar da kai in ana wanki. Sai da aka yi mako goma sha ɗaya cif kafin fata ta haɗe, raunin da a ƙafar yarona ba zai wuce sati ba.

A tsakanin nan likitata ta tura ni wurin likitan ido. Aka ɗiga mini wani magani da ke buɗe ƙwayar ido, ya haska ya leƙa can ciki. Ya ce a duk jiki nan ne ake iya kallon ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba. Ya ga 'yan ɗigo-ɗigon jini a idon hagu, matakin farko, bai kai ga aiki ba, amma in riƙa zuwa duk shekara ko da ina gani garau. Wanda za a yi wa wannan gwaji ya tafi da ɗan rakiya, don da na fito ranar Sakkwato ta dake ni, ko lambar Keke ban iya karantawa ba sai bayan Azahar. Fitsari kuma aka tarar ƙoda ta fara sakin furotin kaɗan, aka ƙara mini maganin hawan jini wanda ke kare ta. Duk inda ta ce a duba, an samu wani abu.

Na tambaye ta ko abin da ya jemu zai dawo ɗanye. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce jin da ya tafi da wuya ya dawo duka, aikinmu shi ne tsare abin da ya saura. Ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan dubban masu irin ciwona, aka fitar da sakamakonsa a 1998: waɗanda aka matsa wa sugansu ya sauka sosai sun samu ragin kusan kashi 25 cikin 100 na irin wannan ɓarna ta ƙananan jijiyoyi. Kashi ɗaya cikin huɗu ba duka ba ne, amma ɗan kasuwa ya san ba a raina irin wannan riba.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris, ina kan insulin ga miki bai gama rufewa ba. Likita ta ce kada in yi, na tambayi malaminmu ya ce ai Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Na rama da sanyi, bayan an mayar da ni kan ƙwayoyi an daidaita mini lokutan sha. Fura ban bar ta ba, ƙarya ne in ce na bari. Na rage ta zuwa ɗan kofi, ba suga, nono ya fi gero yawa. Gwajin tonon asiri na baya-bayan nan ya nuna 7.4.

Alwala ta zama lokacin duba ƙafa, sau biyar a yini ba sai an tuna mini ba. Ina bin tsakanin yatsu da ido da hannu, in tsane su da ƙyalle, diddige kuma in duba da ɗan madubin da na ajiye a rumfa. Man kaɗe safe da dare, amma ban da tsakanin yatsu, don danshi a nan kan jawo ruɓewa. Ruwan ɗumi da hunturu sai na gwada da gwiwar hannu. Farfajiyar masallaci da rana tsaka ba na taka ta sai da safa ko huffi, don simintin kan gasa ƙafa ba ka sani ba. Kafin in sa takalmi sai na kife shi na zazzage, na zura hannu har ƙurya.

Takalmin kuwa ni na ɗinka abina. Na farko ya matse yatsu, na ba yaro. Na biyu ɗinkin ciki ya bar mini jan layi a gefen ƙafa bayan awa ɗaya, na farke shi. Na uku na sa ƙafata a kan kwali da yamma, lokacin da ta fi kumbura, na zana, na ƙara faɗin yatsa guda a gaba. Na zaɓi fatar akuya mafi laushi a rumfar, na juya duk ɗinkin ya koma waje, na shimfiɗa soso mai kauri a ciki na rarake daidai inda tabon mikin yake, ƙasan kuma roba mai tauri da gam kaɗai, ko ƙusa ɗaya babu. Uwargida ta gani ta ce kamar kwalekwalen masunta. Na kai wa likita ta juya shi ta zura hannu, ta tambaya ko zan iya yin irinsa in ta turo mutane. Zuwa yanzu na yi wa mutum shida, kuma kowanne sai na sa ya naɗe wando na ga ƙwaurinsa kafin in auna ƙafar. Huɗu a cikinsu suna da tabon. Nawa kuwa da safen nan na ƙirga: biyu sun dushe a dama, wani sabo ya fito a hagu.